Lambobin Malam a Kwanakin Takaba

Matso nan kusa, 'yar'uwa, jawo kujerar can ki zauna. Bar tabarmar da ke bakin ƙofa, ta Malam ce, har yau idona bai saba ganin wani a kanta ba. Maganar da zan yi miki ba ta ɗaga murya ba ce.

Ni mace ce ta gida. In kin cire biki da gaisuwar mutuwa da zuwa asibiti, babu abin da ke fitar da ni daga gidanmu na Tambuwal, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba. Bokona bai yi nisa ba. Ina haɗa baƙi sannu sannu, lamba kuwa ina gane ta da kallo ɗaya. Abin da Allah Ya hore mini shi ne kunne. Mutum ya yi sallama a zaure, kafin ya kai ƙarshenta na san ko wane ne, na san ko gaisuwa ta kawo shi ko roƙon garwashi. Babur ɗin Malam kuwa tun daga kwanar masallaci nika gane shi, don yana da wani ɗan tari da yake yi in an rage masa wuta.

Wurin innata na gaji kunnen. Ita ma in namiji ya yi sallama, tana daga bakin murhu za ta ambaci sunansa, ta tambaye shi uwarsa da ciwon ƙafarta, ta aika masa da ruwa a kwanon sha. Amma ko ita ta goya shi yana jariri, ba ya tsallake zaure sai an yi masa iso. Haka na tashi na gani, haka na yi a nawa gidan, ban taɓa zama na yi tunani a kai ba.

Malam, mijina ke nan, shi ke riƙe da siton magani a wani ƙaramin asibiti a Kebbe. Farkon mako ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya tafi, sai gabanin Juma'a ya dawo da ƙura a gemu da labarin mutanen ƙauye. Shekarun baya anka kawo musu kwamfuta. Ya ba ni labarinta muna cin tuwon dawa, yana yi yana girgiza kai. Ya ce yanzu ko ƙwayar magani ɗaya ba ta fita sito sai an gaya wa kwamfuta, kuma ba ta sauraron kowa a kan sito sai shi. Zai rubuta sunansa, ya rubuta wata kalmar sirri, sannan ta aiko da lambobi a wayarsa, ya kwafa ya mayar mata, don ta tabbata shi ne ba wani ba.

Na ce, "To ita wannan ai ta fi ni tsanani. Ni tarin babur kaɗai ya ishe ni."

Ya ce, "Ke ai kunne gare ki. Ita kurma ce, sai an rubuta mata."

Da damina ya rasu. Ya dawo da ciwon kai, munka ɗauka gajiyar hanya ce, kafin gero ya fitar da kai an kai shi makwancinsa. Ba zan tsaya a nan ba, kin san yadda abin yake. Na shiga takaba, na cire awarwaro, na ajiye kwalli da turare. Wayarsa na bar ta a kan akwati kusa da gadona, ina sa mata caji, don mutanen nesa da ba su ji ba suna kira, gara su ji daga bakina.

Bayan jama'ar gaisuwa sun janye, wata safiya da hantsi ina zaune ina jan carbi, sai wayar ta yi ɗan kukan nan na saƙo. Na ɗauka na duba. Baƙin farko da idona ya haɗa sunansa ne. Kin san mu ba mu faɗin sunan miji. Duk zamanmu ban taɓa furta shi ba, ko a asibiti anka tambaye ni sai in juya in nemi wanda zai faɗa. Ga shi nan cikakke a rubuce, har da na mahaifinsa, a ƙasa lambobi shida a jere. Na kife wayar a kan akwati.

Ba a jima ba ta yi ƙara. Muryar mace ce, yarinya, mai jan magana irin na mutanen Dogon Daji. Na gane ta nan take ko da yake sau ɗaya na taɓa jin ta, ranar da ta zo gaisuwa cikin ma'aikatan asibiti ta zauna a gefe tana kuka da bakin mayafi. Mataimakiyar Malam ce a sito.

Ta sake yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, "Inna, ki gafarce ni, wallahi da kunya nika kiranki. Wani saƙo ya shigo wayar Baba yanzu?"

Na ce ya shigo.

"Lambobin nika so ki karanta mini. Mata sun cika baranda da yara, zazzaɓi ya yi yawa, kuma sito ba ya buɗuwa."

Ban tambayi kome ba. Na ji kukan yara ta bayan muryarta, kukan da ba na rigima ba, irin na jikin da ya yi zafi. Na karanta mata. Bakwai, fuɗu, sifiri, haka har ƙarshe. Na ji tana dannawa. Sai ta sauke numfashi ta ce, "Ya buɗe. Allah Ya jiƙan Baba."

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Abin ya zama kamar koko da safe. Duk ranar aiki, daidai lokacin da Malam kan isa Kebbe ya jingine babur a gindin darbejiya, sai wayar ta yi kuka, sunansa ya fito, yarinyar ta kira. Gaskiya zan gaya miki, na fara jira. Ina idar da walaha sai in jawo wayar kusa da cinyata. In ta makara sai in ji irin damuwar da nika ji da can in hadari ya haɗo yana kan hanya. In ta yi kuka, wani abu a ƙirjina ya ce ya sauka lafiya. Na san yana kabari, na ga lokacin da anka fita da shi ta zauren nan. Amma kowace safiya wani abu a Kebbe yana tambaya ko shi ne, ni kuma ina amsawa shi ne.

Wata rana na tsare ta da hira, don yarinyar akwai daɗin magana. Na ce, "Ɗiyata, ke kwamfutar ba ta san ki ba ne? Shekara nawa kina tare da shi."

Ta yi 'yar dariya. "Ta san ni sarai, Inna. Ina da nawa suna da nawa sirri, lambobina ma a wayata suke shigowa. In na shiga har barka da zuwa take yi mini."

"To me ya hana ki buɗe da naki?"

"Da nawa ina iya ganin abin da ke sito, ina iya ƙirga kwalaye. In na taɓa wurin fitar da magani sai ta ce ba ni da izini. Sanin mutum daban ne a wurinta, abin da anka yarje masa daban. Baba kaɗai anka yarje wa fitarwa. Da ciwon ya kama shi ne ya gaya mini kalmarsa, ya ce in riƙe masa kafin ya dawo."

Na ce, "Wato ta amsa miki sallama, ta aiko miki da ruwa, ta bar ki a zaure."

Ta ce, "Kin gama magana, Inna. Shekara da shekaru ina zaure."

Munka yi dariya mu biyu, dariyata ta farko tun rasuwar. Na tambaye ta me ya sa ba a mayar da izinin kanta ba. Ta ce shugaban asibitin ya kai magana sakateriyar ƙaramar hukuma, akwai wanda ke riƙe da wannan a can, amma tunda magani na fita kullum babu wanda ya ga abin gaggawa. Sai ta ƙara wata magana da ba ta ɗauke ta a bakin kome ba. Ta ce duk kwalin da ya fita, kwamfuta na rubuta wanda ya fitar, da ranar, da lokacin, kuma sunan Baba take sawa.

Maganar ta zauna mini a ciki kamar tsakuwa a tuwo. Mutumin da anka yi wa wanka anka sallace shi, aikinsa na duniya ya yanke, amma a Kebbe ana ta rubuta masa sabon aiki. Na lallashi kaina da cewa maganin yara ne, in ma ana rubuta masa, lada ake rubutawa.

Malam yana da ƙane, ɗan baffansa, mutumin Jabo, wanda ke ɗaukar kwalayen magani a babur daga asibitin zuwa ƙauyuka, har Fakku. Tun ina amarya yake shigowa gidan nan ba iso ba kome, ya buɗe tukunya ya ce miyata ba gishiri, in bi shi da muciya. Matarmu yake ce mini. Ranar rasuwa shi ya shiga kabari ya karɓi ɗan'uwansa. Ina so ki riƙe wannan, don kada ki ɗauka baƙo ne ko mutumin banza.

Wata Asabar bayan la'asar, ranar da ba aiki, ina tsince wake a faifai, wayar ta yi kukan saƙo. Na dakata da tsintar waken, don ba lokacinta ba ne. Sunan Malam, lambobi shida. Sai kira ya biyo.

"Matarmu, ina wuni? Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa," na so in ce, amma bakina ya tsaya a kan "Da godiya." Na ce, "Kai ne yau a waya? Ƙafarka ta manta hanyar gidan?"

"Ina nan tafe, ki tanadi miyar nan taki marar gishiri. Ji mana, wasu lambobi sun shigo wayar Yaya. Karanto mini."

Na ce, "Ina yarinyar?"

"Ta tafi gida Dogon Daji, wayarta ba ta shiga. Wani yaro ne a Fakku ba shi da lafiya, ubansa shina nan tsaye kaina. Kwali ɗaya zan ɗauka, Litinin in gaya mata."

Na kasa kunne ta bayan muryarsa. Ban ji kuka ba, ban ji wani mutum ba, sai fanka tana juyawa da wata akuya can nesa. Wannan ba hujja ba ce, uban yaro na iya tsayawa shiru. Muryarsa ma ba ta rawa. Abin da na sani kawai, kalmar sirrin da Malam ya ba mutum ɗaya yana kwance, yanzu tana hannun mutum biyu, ban san ko uku ba.

Na ce, "Bari in gwada kiranta."

"Na ce miki ba ta shiga. Ke, ko ba ki gane mai magana ba ne? Ni ne fa."

"Na gane ka tun kafin ka rufe baki. Ko cikin kasuwar Jabo ka yi tari zan nuna ka."

"To mene ne?"

"Gidan nan naka ne, ka shigo har bakin murhu ka buɗe tukunya. Amma sito ba tukunyata ba ce. Yayanka bai taɓa ce mini ya ba ka sito ba."

Da ya sake magana wasan ya fita daga muryarsa. "Ni na sa shi a kabari da hannuna. Yau ni za ki tsayar a waje kamar ɓarawo?"

"Ban ce kai ɓarawo ba ne."

"In wani abu ya sami yaron ga, ki sani da hannunki."

Ya kashe. Na zauna da faifai a cinya, lambobin na kallona har fuskar wayar ta yi duhu. Na kira yarinyar, da gaske wayarta ba ta shiga. Har yau da nika ba ki labarin nan ban san ko akwai yaro a Fakku ba. Ban tambaya ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Yana zuwa gidan, yana gaishe ni da ladabi, amma a zaure yake tsayawa ya yi sallama, ya jira. Ni ban ce ya jira ba.

Ranar Lahadi na wuni ina juya abin. Na hana shi don babu wanda ya ba shi izini. To ni wa ya ba ni? Malam bai ce in tsaya a madadinsa ba. Waya ce kawai ta kwana a ɗakina. Kwamfuta kurma ce kamar yadda ya faɗa, duk wanda ya kawo mata kalma da lambobi, a wurinta Malam ne, ta buɗe masa duk abin da ta saba buɗe wa Malam. In wata rana kwali ya ɓata, ko magani ya tafi inda bai kamata ba, anka bincika, sunan da za a tarar na mutumin da ba zai iya tashi ya ce ba ni ba ne. Shekarunsa duka a siton nan ba a taɓa kiransa a kan ƙwaya ɗaya ba. Wannan kyakkyawan sunan shi ne abin da ya bar mana, shi da babur mai tari.

Litinin da hantsi wayar ta yi kuka, yarinyar ta kira da fara'arta. Na gaya mata abin da ya faru ranar Asabar. Ta rantse ba ta ba kowa kalmar ba, sai dai tana dannawa a gaban mutane, kuma masu ɗaukar kaya suna tsayawa a bayanta. Na yarda da ita, muryarta ba ta ɓoye kome.

Na ce, "Ɗiyata, daga yau ba zan ƙara karantawa ba."

"Inna, baranda cike take."

"Ina jin su."

"To ya zan yi da su? Ni ba don kaina nika roƙonki ba."

"Na sani. Ki je ki gaya wa shugabanku Malam ya rasu. Ya je sakateriya ya gaya musu. Sun zo gaisuwa, sun ci gumba, amma ba su ji ba, tunda kullum suna ganin ya zo aiki."

Ta yi kuka, ta ce na ɗaure mata hannu. Ta ce ko na yau kaɗai. Ina jin wani jariri yana shiɗewa da kuka kusa da ita, kunnen nan nawa da nika taƙama da shi ya zame mini azaba. Na ce ta yi haƙuri, na kashe wayar gaba ɗaya, na sa ta a ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa, don na san in ta sake kira zan karanta.

Sito ya yi kwanaki a rufe. Labari ya zo mini ta bakin wata maƙwabciya mai dangi a Kebbe cewa ana rubuta wa mata magani su saya a kemis, wasu sun saya, wasu sun goya yaransu sun koma ƙauye hannu wofi. Ban san abin da ya sami waɗanda sunka koma ba. Babu wanda ya zo ya ce mini ga abin da ya faru, babu kuma wanda ya zo ya ce babu abin da ya faru. Shugaban asibitin ya yi ta sintiri a sakateriya, har anka nemo mai riƙe da abin, ya mayar da izinin kan yarinyar. An ce aikin bai kai tsawon shan shayi ba.

Da na fita takaba ta zo har gida da turmin zane da sabulu. Ta rame, amma ta shigo da dariyarta, ta ce, "Inna, an yi mini iso. Na baro zaure." Na zuba mata fura, munka zauna nan inda kike. Ta ce yanzu sunanta ke fita a ƙarƙashin kowane kwali, kuma tun da hakan ta faru ba ta barin kowa ya tsaya a bayanta.

Na daɗe ina juya ludayi kafin in tambaye ta. Na ce, "Malam fa? In an rubuta sunansa yanzu me take cewa?"

Ta sunkuyar da kai. "Na gwada sau ɗaya, Inna. Sun share shi duka. Cewa take ba ta san mai wannan suna ba."

Ban yi zaton zai yi mini ciwo haka ba. Ni abin da na nema a karɓe mabuɗin daga hannunsa, kada a ƙara rubuta masa abin da bai yi ba. A zuciyata na ɗauka za ta ci gaba da saninsa, ta amsa masa sallama ta bar shi a zaure kamar kowa. Ta ce ana iya yin hakan, amma ga wanda ya rasu ba a bari, don kada wani ya sake shigowa da rigarsa. Na ce daidai ne. Daidai ɗin ne kuwa.

Na fito da wayar daga ƙasan akwati, tana nan a kai, ina sa mata caji. Ba ta ƙara yin kukan hantsi ba. Amma kunnena bai daina jira ba, daidai lokacin nan da rana ke kaiwa bakin randa sai in tsinci kaina na dakata da abin da nika yi. Wani lokaci abin da nika ji ba wayar ba ce, jaririn nan ne na ranar Litinin, da ban san sunansa ba, ban san ƙauyensu ba.

Ke da kinka ji duka yanzu, in ke ce zaune da wayar a cinya, sunan mijinki a rubuce, yaran mutane na kuka a kunnenki, da kin karanta mata lambobin?